Mota Ce Kafin Ta Zama Ɗaki

Duk wanda ya leƙa cikin bas ɗina ya ga gado da wurin girki, tambayarsa ba ta wuce uku: wane kafinta ya yi, wane mai walda ya haɗa, nawa farantin sola ya ci. Ba a cika samun mai tambayar nauyinta ba. Ni ma ban tambayi kaina ba lokacin da nake haɗa ta, kuma rashin wannan tambaya ne ya kusa raba ni da iyalina a kan hanyar Jega. Laifin nawa ne. Na ga ya wajaba in faɗe shi a fili, domin mai sha'awar irin wannan mota ya san inda na zame.

Sha'awar ta daɗe a raina. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 za su tuna Turawan da ke ƙetaro Sahara daga Aljeriya, su bi ta Tamanrasset da Agadas. Wasu su gangara Damagaram su faɗa Kano, inda har sansani aka tanadar musu a Bompai, wasu su biyo ta Tawa da Birnin Ƙonni su shigo ta Illela. A cikin motarsu suke kwana, a ciki suke dafa abinci. A ƙasashensu wannan babbar sana'a ce. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da Volkswagen Kombi ɗaki tun farkon shekarun 1950, Winnebago na Amurka ya fitar da tasa ta farko a 1966. Ita kanta J5 da muka saba gani maƙare da albasa, 'yar'uwar Fiat Ducato ce, masana'anta ɗaya a Italiya ta fara ƙera su a 1981, kuma a kan Ducato ake gina da yawa daga cikin motoci masu ɗaki na Turai. Na kalli hotunansu har na gaji, na kwaikwayi labule da kabad da fitilu. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne masu ƙera su da sikeli suke fara aiki. A Turai lasin tuƙi na gama-gari ba ya wuce motar kilo 3,500, saboda haka kowane katako da kowace ƙusa sai an yi lissafinsu kafin su shiga.

Buƙatata ta gaskiya ce. Muna da dangi a Yawuri da Kontagora, biki da ta'aziyya ba sa ƙarewa. Mahaifiyata ta manyanta, zaman kujera na tsawon hanya yana tayar mata da ciwon baya. Mata suna buƙatar wurin alwala da sutura, ga kuɗin masauki da ya yi tsada. Sai na sayi Toyota Hiace ta hannu, na cire yawancin kujerunta, na shiga aiki. Gadon da katakon maɗaci aka yi shi, mai kauri, wai don ya daɗe. Ƙasa na sa aka shimfiɗa tayil irin na ɗaki. Na sa manyan batira biyu na sola, na sa firji, na sa tukunyar gas mai kilo 12.5. A baya aka yi wa janareto mazauni na ƙarfe. A sama kuma aka kafa kariya, na ɗora mata tankin ruwa mai lita 200, don ruwa ya riƙa saukowa famfo da kansa.

Da aka gama na kai ta wurin bakanikenmu, dattijon da tun zamanin mahaifina yake duba mana mota. Ya zagaya ta, ya danna bayanta da hannu, ya durƙusa ya leƙa sifirin. Da ya miƙe sai ya ce, "Alhaji, wagga mota ta zauna. Ka rage mata kaya, ka sauko da tankin ga ƙasa." Na ce, "Haba Baba, mutum goma sha takwas ake zuba mata a tasha, mu ko rabin haka ba mu kai ba." Ya ce, "To, na dai faɗa maka." A lokacin na ga hujjata ta fi tasa ƙarfi. Ban tsaya na tuna cewa lodin tasha shi kansa ƙetare iyaka ne ba, kuma fasinja suna zaune ne a ƙasa a warwatse, nawa kayan kuwa ya taru a baya da sama. Maimakon in rage, sai na koma wurin mai walda na ce a ƙara wa sifirin ganye. Mota ta miƙe, ido ya gamsu. Amma ƙarin ganye bai ƙara wa taya ƙarfi ba, bai ƙara wa birki ba. Alamar da motar ke nuna min kawai na ɓoye.

Kafin in zo kan tayoyi kuɗi sun ƙare a kayan ɗaki. Sai na sayi 'yan Kwatano guda huɗu, zanensu raɗau, farashinsu bai kai rabin na sababbi ba. Ban karanta ko harafi ɗaya daga rubutun da ke jikinsu ba. Ranar tafiya, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, na tsaya wurin mai faci na ce ya rage musu iska, saboda na taso ina jin ana cewa zafi yana kumbura taya har ta fashe. Yaron bai ba ni wannan shawara ba, ni na umarce shi.

Mun makara wajen fita, ga buhunan tsaraba da aka ƙara a kan abin da ke ciki. Muka wuce Boɗinga da Shagari rana tana ɗagawa, muka bar Tambuwal ta take tsaka. Ina ta taka mota don in rama lokaci. Kafin mu kai Jega tayar baya ta dama ta fashe. Da na ji ƙarar sai na danne birki da ƙarfina, abin da bai kamata a yi ba ke nan. Mota ta yi wutsiya, ruwan da ke sama ya tunkuɗa ta gefe, muka bar kwalta muka faɗa gona. Rairayi ne ya riƙe ƙafafunta, ta karkata ta tsaya ba ta kife ba. Firjin da ban ɗaure ba ya taho ya danne ƙafar ƙaramar 'yata ya karya ta. Mahaifiyata da ke kwance a kan gado, ba bel ba abin riƙewa, ta faɗo ta bugu a kafaɗa. Mutanen ƙauyen da ke kusa da wani direban babbar mota su suka fitar da mu, suka taimaka muka kai asibiti. Allah ya saka musu da alheri.

Masu zuwa jaje kowa cewa yake, "Ƙaddara ce, Alhaji, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na so in fake a bayan wannan magana, domin tana da sanyi a zuciya. Maiɗakina ce ta hana ni. Wani dare a asibiti, ba tare da ɗaga murya ba, ta ce, "Alhaji, ai Baba ya faɗa maka." Na yi imani da ƙaddara, kuma na san Allah ne ya tsare mu. Sai dai imani da ƙaddara bai ɗauke wa mutum hisabin abin da hannunsa ya aikata ba. An gargaɗe ni na ƙi ji. Na zaɓi tayil a kan taya. Na ɗauki tsohuwa da yara, waɗanda amana ne a wuyana, na zuba su a motar da ban san ƙarfinta ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho, amma ni hohon a jikin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ya sauka, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo.

Da hankali ya kwanta na koma wurin Baba na ba shi haƙuri. Bai tsaya ja min kunne ba, tayar da ta fashe ya ce a kawo. A kanta ya koya min karatun da ya kamata in yi tun farko.

Kowace taya tana ɗauke da lambar da ke nuna iyakar nauyin da za ta iya. Irin wadda aka yi wa wannan bas ita ce mai harafin C a ƙarshen girmanta, kamar 195R15C, alamar tayar ɗaukar kaya ce. Lambar nauyinta 106, ma'ana kilo 950 a kan kowace ɗaya. Waɗanda na saya na ƙananan motoci ne, lambarsu 95, wato kilo 690. Tayoyin baya biyu da ya kamata su iya kilo 1,900, nawa iyakarsu 1,380, kuma a kansu akasarin kayana ya zauna. Akwai kuma lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke bin haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, tana bushewa ta tsattsage daga ciki alhali zanenta yana nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana faɗakar da direbobi su guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, kuma tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Nawa sun girmi yarinyar da suka jawo wa karaya.

Batun rage iska kuwa, akasin gaskiya na yi. Tayar da iskarta ta gaza ita ce take lanƙwashewa a kowane juyi, gefenta ya yi ta murɗewa yana ɗaukar zafi har zaren da ke ciki ya saki. Ƙarin iskar da ake gani in taya ta yi zafi a hanya, masu ƙera ta sun riga sun yi lissafinsa. Da safe ake auna iska kafin mota ta motsa, da geji, ba da bugun ƙafa ba, a bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko littafin mota, a ɗauki na cikakken lodi. Har da safaya. In kuma Allah ya ƙaddara ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar mota ta rage gudu da kanta, sai ta lafa a taɓa birki.

Daga nan muka shiga lissafin nauyi. Kowace mota tana da ɗan farantin ƙarfe ko takarda a jikinta da ke nuna iyakar nauyinta gaba ɗaya, da na ƙafafun gaba da na baya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tankina kaɗai kilo 200 ne, ban da ƙarfen da ya riƙe shi. Babban batirin sola ɗaya yana kai kilo 55 zuwa 60. Tukunyar gas mai 12.5 in ta cika tana kusan ninka haka, saboda nauyin ƙarfenta. Haɗa da maɗaci da tayil da janareto da mutane da tsaraba, za ka ga inda na kai ta. Fatake na da sun san wannan ilimi: ba su ɗora wa jaki kaya sai sun daidaita mangala gefe da gefe, mai nauyi a ƙasa, don sun san kayan da ya yi tsini shi ke kayar da dabba. Haka mota take. Nauyi in ya hau sama, tana saurin karkata a kwana. Tankin da ruwansa ya yi rabi ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana gudu gefe zuwa gefe yana jan motar.

Muka sauke komai muka sake ginawa. Tayil ya fita, leda ta shiga. Maɗaci ya koma gida, aka yi gado da siririn ƙarfe da falanki marar nauyi. Tanki ya koma ƙarami, aka kwantar da shi a ƙasa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, da ɗan famfo mai aiki da batir. Duk abin da ya fi butar shayi nauyi aka ɗaure shi da noti a jikin mota, ƙofofin kabad aka sa musu sakata. Na mayar da kujeru masu bel daidai yawan waɗanda za su shiga, na kuma kafa doka: gado na tsayuwa ne, mota tana tafiya kowa yana kujera a ɗaure. Mahaifiyata ma kujera mai kwantawa aka sa mata, muna tsayawa akai-akai ta miƙe ƙafa. Da aka gama na cika ta da mai da ruwa da kaya, na kai ta inda ake auna manyan motoci na ga adadin da idona.

Wajen wannan sauke kaya ne na gano wani kuskuren da ya fi na farko muni, wanda Allah ya rufa mana asiri bai kai ga rai ba. Tukunyar gas tana cikin rufaffen kabad, kusa da batira. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wurinsa akwati na daban mai huda a ƙasa da ke fita waje, nesa da waya da batir, a kuma rufe kan tukunya kafin a tashi mota. Janareto kuma yana daidai ƙarƙashin tagar baya. Sai a lokacin na tuna safiyoyin da yara suka tashi da ciwon kai da tashin zuciya bayan mun kwana da shi a kunne, ni kuwa ina cewa gajiyar hanya ce. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar shaƙa sau sama da 200. Mai barci ba ya jin shigarta, daga barcin yake wucewa. Sau nawa muka ji labarin iyali guda da aka wayi gari babu su saboda janareto a cikin gida? Mota ta fi kowane ɗaki ƙunci. Janareto a sauke shi a kai shi nesa, aƙalla mita 6, bakin salansarsa yana kallon wani wajen. Kada a kwana da injin mota a kunne don sanyin na'ura. A hunturu, komai tsananin ɗari, kaskon gawayi ba ya shiga ciki. A bar taga biyu a buɗe da ragar sauro, a sayi 'yar na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska, a rataye tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa haƙƙi. Motar da aka rufe a ranar bazara cikinta yana haura digiri 60, ba a barin yaro ko tsoho a ciki ko na ɗan shiga kanti ne. Lagireto yana son ruwan sanyaya inji na gaskiya, domin ruwan rijiya yana tara tsatsa ya toshe shi, kuma ba a buɗe murfinsa yana da zafi. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska ta rufe farantin sola, sai an riƙa kakkaɓewa ana gogewa. Irin wannan mota ta fi daɗewa a ajiye a kan tafiya, kuma zama yana kashe ta: batir ya mutu, taya ta bushe, ɓera ya ci waya. A samar mata inuwa, a riƙa zagayawa da ita duk mako.

Tsarin tafiyata ma ya sauya. Ina fita bayan sallar asuba, in nemi inuwa kafin rana ta take, in ci gaba bayan la'asar in akwai saura, magariba ta same ni a cikin gari. Dokar hanya ta ba bas kilomita 80 a awa a babbar hanya irin ta Jega, mota mai nauyi kuwa ko hakan sai da lura. Abin da ke jan Turawa ga wannan mota shi ne su tsaya a daji inda suka ga dama. Mu a yanzu ba mu da wannan. Ba wanda ya manta matafiyan da 'yan bindiga suka ƙona a cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamban 2021. Kafin ka ɗauki hanyar gabashin Sakkwato ko ta Gusau, je tasha ka tambayi direbobin da suka shigo a ranar. Wurin kwana kuma ya zama harabar 'yan'uwa, ko gidan mai mai maigadi bayan ka nemi izini. In baƙon gari ne, ka yi sallama da mai unguwa ka gabatar da kanka, domin baƙuwar mota mai labule da ta kwana a unguwa tana tayar da hankalin mutane a wannan zamani, kuma suna da gaskiya. Ruwan wanke-wanke da shara ka tafi da abinka, kada ka bar wa wanda ya karɓe ka.

Takardu su zama cikakku: lasin, inshora, shaidar lafiyar mota, da izinin 'yan sanda in gilashi baƙi ne. Ka sanar da jami'an duba motoci da kamfanin inshora sauyin da ka yi mata. Mai niyyar shiga Nijar ya bincika halin iyaka kafin ya tashi, domin an rufe ta Illela daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Mai son sayo haɗaɗɗiya daga waje ya lura da gefen sitiyari, tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, na Ingila da Japan ba su dace da hanyarmu ba. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, a sa ta a wayar kowa da ke cikin motar. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma, duk kilon da ka ɗora na banza kana biyan kuɗinsa a gidan mai.

Ban tsani motar ba, har yanzu ina tafiya da ita, kuma tana yi mana amfanin da na saye ta dominsa. Abin da na sauya shi ne jerin abin da kuɗi ke fara zuwa: taya, birki, sanyaya inji, bel, hanyar iska, sannan katifa da labule in an samu saura. In kuɗinka bai kai ga na farkon ba, bai kai ga mota mai ɗaki ba tukuna, ka jira. In wanda ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin mota ya ce maka ta yi nauyi, kada kuɗin da ka kashe ya toshe maka kunne.

Yarinyar ta warke tana tafiya da ƙafarta. Na nemi gafararta duk da ƙuruciyarta, na nemi ta mahaifiyata da ta maiɗakina, suka yafe. Yafiyarsu ba ta mayar da abin da na yi daidai ba, nauyi ta ƙara ɗora min na kada in sake, kuma kada in ga wani zai yi in yi shiru. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.